Budurwa da dodo

A Dakoro, in dare ya yi, yara suna zamnawa gaban kaka su ji tatsuniya. Akwai wadda kowa ya sani: budurwa ta ƙi samarin garinsu, ta auri baƙo kyakkyawa, ashe dodo ne. Sai ta zamna tana kuka, har ƙanenta ya zo ya cece ta.

Ina dalili? Yarinyar da ke jan guga a rijiya mai zurfi, ta yi daka, ta kai awaki kiwo cikin Tarka, ba za ta rasa dabara a gidan dodo ba.

Wasu tsofaffi suna cewa ba a sake tatsuniya. Amma ai kowace kaka tana ƙara nata gishiri.

Ko a tarihi ma akwai mata jarumai. A 1899, Sarauniya Mangu ta Lugu ta yaƙi sojojin Faransa. A 1980, Abdulay Mamani ya rubuta labarinta cikin littafi.

To, ƴan lakwal da suka iya rubutun Hausa su ma su gwada. Wannan karo, budurwa ce za ta yi wa dodo wayo, ta goyo ƙanenta su komo gida.