Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Guguwa a Ƙauye

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan wani abu da muke gani ko wace shekara, amma ba mu ɗauke shi aikinmu ba, watau ɓarnar da guguwa ke yi wa gidajen ƙauye a farkon damina.

Mu nan Idu Allah ya yi mana rangwame. Babbar guguwar teku irin wadda ke rushe garuruwa a Amurka, mai gudun mil 74 ko fiye a sa'a guda, ba ta zuwa wajenmu, domin a bisa ruwan teku mai ɗumi take samun ƙarfi. Amma masana yanayi sun gano cewa da yawa cikin waɗannan manyan guguwa, asalinsu hadarin nan ne da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas, har ya faɗa tekun Atlantika ya girma. Ashe ta kanmu jaririyar guguwa take wucewa. Kuma mun ji abin da guguwar Idai ta yi a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi cikin Maris na shekarar 2019, mutum fiye da 1,000 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tamu guguwar takan zo ne wajen Afril da Mayu. Zafi ya tsananta, iska ta tsaya cik, gabas ta yi baƙi, sai ƙura ta taso. Kafin ruwa ya sauko, kwanon wani ya riga ya tashi. Ku zaga Karmo ko Gwagwa ko Jiwa bayan irin wannan dare, ku ga katifu da littattafan yara a shanye. Ra'ayina shi ne, yawancin ɓarnar nan sakaci ne ya kawo ta, ba ƙarfin iska ba.

Ga dalili. Iskar da ke bi ta bisa rufi tsotso shi take yi sama. In kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe, sai ta shiga ta tura shi daga ciki. To, rufin da aka ɗora bisa bango kawai, aka danne da duwatsu, yaya zai yi? Shi da duwatsun duka sai su sauka kan maƙwabta.

Saboda haka tun cikin Fabrairu maigida ya hau ya duba katakon rufi, wanda gara ta ci a sake shi. A ɗaure katakon da bango da waya mai kauri, a ƙara ƙusa a bakin kwano da kusurwoyi, gama nan iska take fara kamawa. Mai jinka ya sake tanka da baibaya. A yi wa bango da rumbu yaɓe, a share magudanar ruwa, a sare busassun rassan da suka leƙo bisa ɗaki. Takardun gida da na makaranta a ƙulle su cikin leda, tocila kuwa a ajiye inda hannu zai same ta cikin duhu.

Ran da hadari ya haɗu, uwargida ta kashe wutar murhu, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. A rufe ƙofofi da tagogi, a shigar da awaki da kaji, a tara yara a ɗakin da ya fi ƙarfi. Kada kowa ya fake gindin itace saboda tsawa, kada kuma a taɓa wayar lantarki da ta faɗi.

Na san wani zai ce, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, amma Wanda ya aiko iska Shi ya ba mu hankali da hannuwa. Wani kuma zai ce, don me zan kashe kuɗi a gidan da nake tsoron rusau? Wannan kuka ne mai dalili. Amma waya da ƙusa ba su kai kuɗin kwano sabo ba, balle ran yaro.

To, ina ruwan malami? Da ruwansa ƙwarai. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon ko wace shekara, amma wa zai fassara wa manomi in ba mu ba? Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, tana kai agaji, amma agaji bayan ɓarna yake zuwa. Tashar jirgin ƙasa ta Idu da aka buɗe a 2016 injiniyoyi suka auna rufinta. Rufin talaka kuwa ba mai auna masa sai ɗansa da muka koyar.

Shawarata ita ce, duk wanda aka tura koyarwa ƙauye ya fara da rufin makarantarsa. Ya kira kafinta da iyayen yara, a yi gyaran a gaban yara, sa'an nan ya ba ko wane yaro aikin gida: ya je ya dubo yadda aka ɗaure rufin ɗakin uwarsa, ya kawo labari. Darasin nan ba ya cikin jarrabawa, amma lalle zai kwana da mutane cikin ɗaki busasshe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin iska. Amin.