Saye Ko Haya? Shawara Ga Masu Gyaran Hoto

Manomin fadamar Rima, tun daga Kwalkwalawa har Dundaye, ya san hanyoyin da gona take shiga hannun mutum: akwai gado, akwai saye, akwai jingina, akwai aro, akwai haya. Ya kuma san ba a dasa mangwaro a gonar haya, sai dai albasa da tumatir, abin da za a kwashe kafin mai gona ya waiwayo. Wannan ilmi da iyayenmu suka riƙe tun ba su shiga aji ba, shi muke ganin ya kamata mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mu yi aiki da shi a kan wata magana da ta shigo mana, watau maganar manhajar gyaran hoto.

Kada wani ya ce magana ce ƙarama. A nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Wamakko, ɗalibai da yawa da gyaran hoto suke biyan kuɗin makaranta. Su ke shirya fastocin 'yan takara lokacin zaɓen ƙungiya, su ke yin hoton fasfo, da katin gayyatar ɗaurin aure, da kalandar biki, da hotunan ranar yaye ɗalibai. Haka kuma ƙaramin ma'aikaci a ofis, shi ake miƙa wa hotunan taro a ce ya gyara kafin gobe. Duk waɗannan tambayarsu ɗaya ce: wace manhaja zan riƙe, kuma nawa za ta ci mini?

Da farko sai mu rarrabe tsakanin kayan aiki iri biyu. Akwai manhajar gama-gari, irin su Snapseed ta kamfanin Google, wadda ke cikin wayoyinmu kyauta, da Photoshop Elements ta kwamfuta. Aikinsu yanke gefen hoto, da ƙara haske, da gyara launi, da share ɗan tabo. Akwai kuma ta ƙwararru, irin su Photoshop cikakkiya, da Lightroom, da Affinity. Abin da ya fifita waɗannan abu uku ne. Na ɗaya, wasunsu suna ba mutum cikakken iko ya jera aikinsa falle a kan falle, ya taɓa wannan ba tare da ya ɓata wancan ba. Na biyu, suna sarrafa ɗanyen hoto kamar yadda ya fito daga kyamara, wanda ake kira RAW. Hoton JPEG da muka saba da shi matakin haske 256 yake ɗauka a kowane launi, alhali ɗanyen hoto yana ɗaukar dubbai, shi ya sa ake iya ceto farar riga da rana ta dallare, ko fuskar da inuwa ta rufe. Na uku, wasunsu suna shirya aiki don maɗaba'a. Allon kwamfuta da hasken launi uku yake nuna hoto, ja da kore da shuɗi, amma injin ɗab'i da tawada huɗu yake bugawa, kuma wanda bai san wannan ba zai ga koren da ya zaɓa ya fito masa a dushe.

To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutum nawa ne cikinmu aikinsu ya kai ga buƙatar waɗannan uku? Wanda hotunansa a WhatsApp da Facebook suke ƙarewa, bai buƙatar ko ɗaya. Sayen manhajar ƙwararru don gyara hoton fasfo tamkar sayen tarakta ne don noman bayan gida.

Sai maganar saye da haya. Photoshop ta fara fitowa kasuwa a 1990, aikin wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, kuma shekara ashirin da 'yan kai kamfanin Adobe yana sayar da ita biya ɗaya. Ta ƙarshe da aka sayar haka ita ce CS6 ta 2012, a kan dala 699. A watan Mayu na 2013 sai kamfanin ya ba da sanarwar cewa daga nan gaba sabbin fitowa sai dai haya, wata-wata ko shekara-shekara. A cikin shekarar ya fito da wani tsari na masu ɗaukar hoto, Photoshop da Lightroom a haɗe, a kan dala 9.99 a wata bisa farashin Amurka.

Adalci ya sa mu faɗi cewa haya tana da hujjarta. Dala 699 a dunƙule ta fi ƙarfin ɗalibi ko a Amurka, kuma mai biyan dala goma a wata sai ya yi kusan shekara shida kafin abin da ya biya ya kai wannan adadi, ga shi kuma duk wani sabon abu da aka ƙara yana samunsa. Mai shagon hoto wanda ciniki ke shigo masa kullum, ba laifi ya sa kuɗin haya cikin lissafinsa kamar kuɗin shago da man janareto.

Amma wannan lissafi na wanda albashinsa da dala ake biyansa ne. A farkon 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, watau dala goma ba ta kai Naira 5,000 ba. Bayan da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, zuwa farkon 2024 dala ta haura Naira 1,500, dala goman nan ta koma Naira 15,000. Kamfanin bai ƙara ko kwabo ba a lokacin, amma mai haya a Sakkwato kuɗinsa ya ninka sau uku. In aka auna da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙaramin ma'aikaci yake ɗauka. A Janairun 2025 kuma Adobe ta rufe wancan tsari mai araha ga sabbin shiga, ta ƙara wa masu biya wata-wata zuwa dala 14.99. Ko wanda ke da kuɗin ma ya sha wahalar biya, domin a 2022 bankunanmu da dama sun taƙaita abin da katin Naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 aka fara buɗewa.

Kuɗi ma ba shi ne babban abin tsoro ba. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da mai haya ya kasa biya, Photoshop ba za ta buɗe masa ba, kuma aikin da ya tara cikin tsarinta na PSD, ko da wata manhaja ta buɗe shi, ba lalle ya fito yadda ya bar shi ba. A watan Oktoba na 2019 Adobe ta sanar da masu hayarta na ƙasar Benezuwela cewa za ta rufe asusunsu, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasarsu. An janye maganar kafin ƙarshen watan, bayan kamfanin ya sami izini, amma darasin ya riga ya fito: mai zane a Karakas ya kusa rasa kayan sana'arsa saboda rigimar da ba shi ya tayar ba. A ƙarshen 2022 kuma, masu amfani da launukan kamfanin Pantone suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar wasu launuka sun koma baƙi, sai an biya wata haya dabam. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Amurka da kanta ta kai Adobe ƙara, bisa zargin tana ɓoye tarar da take cin wanda ya fasa hayar shekara kafin wa'adi, tarar da ta kai rabin kuɗin watannin da suka rage.

Kada kuma a ɗauka saye ya kuɓuta daga wannan. Wanda ya sayi manhaja izinin amfani ya saya. Photoshop Elements, wadda aka daɗe ana sayarwa biya ɗaya, tun daga fitowar 2025 izininta na shekara uku ne. Ashe jingina ce aka sa wa rigar saye.

Mun san wasu na karanta wannan suna murmushi, domin a kwamfutarsu akwai Photoshop da CorelDRAW da aka zuba musu a shago a kan kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Wannan hanya ba mu goyon bayanta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haramta ta, kuma cikin irin wannan manhaja da aka fasa wa kuba ne ɓarayi suka fi ɓoye tarkon satar lambobin sirri. Kwamfutar da ke ɗauke da kundin digirin ɗalibi, ko takardun albashin ma'aikata, ba wurin yin wannan caca ba ce. Bayan haka, duk ɗalibin da ya koyi aiki da manhajar sata, talla yake yi wa kamfanin kyauta, domin ran da ya zama shugaban ofis ita kaɗai ya sani, ita zai sa a biya.

Akwai hanya ta uku, kuma ita muke kira a bi. GIMP, wadda ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1995, kyauta ce, kuma sharaɗin da aka sake ta a kansa ya hana kowa ya dawo ya karɓe ta. Fitowarta ta 3.0 a watan Maris na 2025 ta cike giɓi mai yawa, ko da yake har yanzu ba ta kamo Photoshop ba wajen shirya aiki don maɗaba'a. Ga mai ɗanyen hoto akwai darktable da RawTherapee, ga mai zane akwai Krita. Affinity kuma, wadda kamfanin Canva ya saya a 2024, an mai da ita kyauta a Oktoban 2025. Sai dai mu tuna kyautar kamfani aro ce, mai abu yana iya sake shawara. Abin lura shi ne ɗalibai irinmu ne suka kafa GIMP, ba su fi mu kai ba.

Saboda haka ga shawararmu. Ga ɗan'uwa ɗalibi: fara da ta kyauta, kada ka shiga haya sai ran da aikinka ya nemi abin da ta kasa, kuma cinikinka na wata ya ninka kuɗin hayar sau da yawa. In ka shiga, karanta sharaɗin fita kafin ka sa hannu. Ko wace manhaja kake riƙe da ita, ajiye ɗanyen hotonka, ka kuma fitar da kwafin kowane aiki a tsarin TIFF ko JPEG, wanda kowace kwamfuta ke buɗewa.

Ga hukumar jami'a: muna roƙo a zuba manhajojin kyauta a ɗakunan kwamfuta, a koyar da haske da launi da tsarin shafi, domin wanda ya fahimci waɗannan kowace manhaja ta zo hannunsa zai juya ta cikin mako guda. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: waɗanda suka iya cikinmu su ware yammacin Asabar su koya wa na baya. Ga shugabannin ma'aikatu kuwa: hotunan hukuma tarihin jama'a ne, bai kamata a kulle su a ɗakin da makullinsa ke hannun wani kamfani a ƙetare ba.

Allah Ya sa mu gane, Ya kuma albarkaci sana'ar kowa.