SHAWARA GA MASU KIWO: HARAWA TA UWA CE, BA TA RAGO KAƊAI BA

A gidaje da yawa na ƙasar Illela, da Ƙwanni, da Malbaza, ragon turke shi ne sarki. Harawar wake tashi ce, dussa tashi ce, don ana jiran kuɗinshi ranar kasuwar Badagishiri ko lokacin layya. Tunkiya mai ciki kuwa sai a zuba mata busasshen kara. Wannan babbar hasara ce.

Tunkiya da akuya suna ɗaukar ciki wata 5. Wadda ta ɗauka da kaka, cikin rani za ta haihu, sa'ad da daji ya bushe. Mahi yawan girman ɗa cikin sati 6 na ƙarshe yake yin shi. In uwa ba ta samu abinci mai kyau ba a lokacin nan, naman jikinta take ɗiba tana ba shi. Sai ta rame, ɗa ya zo ƙarami, nono ya yi kaɗan. Jar akuyar Maraɗi, mai yawan haihuwar tagwaye, ta hi kowa shan wannan wahala.

MI KE GINA JIKI?

Jiki kamar ɗaki ne, da tubali ake gina shi. Tubalan nama da na nono likitoci ke kira asid amine. Iri 20 ne. Ɗaya daga cikinsu sunanshi lizin. Hatsi da dawa suna da lizin kaɗan, wake yana da shi da yawa.

A ƙasashen Turai da Amurka, masu kiwon aladu suna sayen garin lizin na masana'anta, su garwaya cikin abincin uwa mai ciki da mai shayarwa, don alade ba ya iya yin lizin da kanshi. Tunkiya, da akuya, da saniya Allah ya yi musu sauƙi. Cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke yi musu tubalan. Amma magini ba ya gini sai an kawo mishi ƙasa. Busasshen kara cika ciki kawai yake yi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Tun da kaka a ware harawar wake da ta gujiya, a ajiye bisa rumhwa ko cikin ɗaki, kada rana ta cinye ganyen.

2. In ciki ya kai wata 3 da rabi, a hwara ba uwa harawa kullum, da dussa, da ƙuli-ƙuli ko angurya kamar giram 200, wato cikin tahin hannu biyu. A soma da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin sati guda.

3. A tara ƴaƴan gawo. Abinci ne mai gina jiki, kuma ba saye ake ba.

4. Kada a hana mata ruwa mai tsabta, da ɗan gishiri ko kanwa.

5. Bayan haihuwa a ci gaba har wata 2, don lokacin nan ne buƙatarta ta hi yawa. A bar ɗa ya sha dakashi tun ranar hwarko, shi ne rigakahinshi.

HATTARA

Ƙuli-ƙulin da ya yi hunhuna guba ne, kuma gubar tana bi ta cikin nonon da yara ke sha. A zubar da shi. Angurya ta manyan bisashe ce, kada a ba ɗan da bai hwara tuƙa ba. In uwa mai tsohon ciki ta ƙi ci, ko ta kwanta ta kasa tashi, a gaggauta kiran malamin bisashe.

Rago sau ɗaya ake sayar da shi. Uwa mai lahiya kowace shekara tana kawo wani. Mai dabara shi raba harawa biyu, ya hwara da uwa.