Jarrabawar ɗaukar aiki: a gwada mutum da aikin da zai yi

Jama'a, duk wanda yake da ɗa ko ƙane mai neman aiki a Kaduna ya san wannan labari. Yaro ya gama Kaduna Polytechnic, ya ƙware a haɗa wayar lantarki, ya ga tallar aiki, ya tashi tun asuba daga Kawo ko Unguwar Rimi. Yana zuwa sai a zaunar da shi gaban kwamfuta, tambaya hamsin cikin minti talatin, rabinsu ba su da alaƙa da lantarki. Ko a ba shi aikin mako guda ya je gida ya yi kyauta, da datarsa da kuɗin cajinsa, wai ana gwada shi. Daga nan shiru, ko sakamako ba zai gani ba. Fisabilillahi, wannan gwaji ne ko wulaƙanci?

Ba muna cewa a daina jarrabawa ba ne. In babu ita, sai ɗan wane da ƙanen wane su kwashe guraben. Amma mu a Kaduna mun ga abin da ke faruwa idan gwaji bai dace da aiki ba. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 sun gaza samun maki 75, aka sallame su. Ƙungiyar NUT ta ce ita a kan 60 aka yi yarjejeniya da ita. Aka ɗauki sababbi bayan su ma an yi musu jarrabawa, sai ga shi a 2018 an sallami 4,562 daga cikinsu, saboda wasiƙar karɓar aiki ta gagare su. To me jarrabawar farkon ta auna?

Don haka abin da muke nema daga ma'aikatun gwamnati da kamfanoni ba shi da yawa. A faɗi abin da za a gwada da makin cin jarrabawa tun a tallar aiki, kada a canza bayan an rubuta. Malami ya tsaya gaban allo ya koyar, mai lantarki a miƙa masa waya da mita. Gwajin da ya wuce awa biyu ko uku ya zama aiki, a biya ladansa. Wanda ya faɗi a nuna masa makinsa.

Ku kuma matasa, ku riƙa tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wannan gwajin awa nawa zai ci, kuma da me za a auna ni?" Wanda ya ƙi amsa wannan tun kafin ya ɗauke ka, ka san irin zaman da za ku yi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Masu riƙe da muƙamai a cikinmu, gyaran ya fara daga ofisoshinku. Allah Ya ba matasanmu abin yi mai albarka.