Wa Ke Lissafin Tufafin 'Yan Wasan Telebijin?

A wannan mako ina so mu duba wani abu da kullum muke kallo amma ba mu cika tambayar yadda aka yi shi ba, watau tufafin da 'yan wasan kwaikwayo suke sawa a telebijin.

Uwargida, na san halinki. In ana nuna Daɗin Kowa ko Labarina, rabin hankalinki yana kan labarin, rabi kuwa yana kan ɗinkin da ke jikin amarya. Kafin a tashi kin ɗauki hotonsa da waya, gari na wayewa sai wurin tela. To, ki sani a inda aka san aiki, wannan riga tana da lamba, tana da shafinta a littafi, akwai kuma wadda za a tuhuma in ta ɓata. Ra'ayina shi ne lalle masu shirya wasanni su ware wa wannan aiki kuɗinsa daban, su kuma damƙa shi a hannun wadda ta iya.

Ga dalili. Ba a ɗaukar wasa bi da bi yadda kike ganinsa. Idan an sami aron gida na kwana uku, duk wata fitowa da ta shafi gidan nan a cikin kwana ukun za a ɗauke ta, ko da a labari shekara biyu ce tsakaninsu. Saboda haka ana iya ɗaukar mace ta yi yaji ta fita daga gidan miji da koren gyale ran Litinin, amma isarta gidan iyayenta sai bayan mako uku a ɗauka. In babu wadda ta rubuta abin da ta sa, sai ki ga ta fita da kore ta isa da ja, alhali a labari ko minti goma ba a yi ba. Mu kuwa mata ba a ɓoye mana irin wannan, ko ɗan kunne aka canja sai mun gani.

Mai kula da tufafi takan fara ne da karanta labarin tun daga farko har ƙarshe. Za ta ƙirga kwana nawa ne a cikinsa, kowane mutum sau nawa zai canja kaya, wace ce matar attajiri, wace ce mai tallar fura. Daga nan sai lissafi. Turmin atamfa yadi 6 ne. A ce mata 10 ne a wasan, kowace za ta canja kaya sau 5, kin ga turmi 50 ke nan, ba a yi maganar kuɗin tela ba, balle gyale da takalmi da wanki da guga. Wadda ba ta san hanyar Kantin Kwari ba, ba ta kuma iya ciniki ba, sai ta ƙarar da kuɗin tun ba a kai rabin wasa ba. Mai wayo kuwa ta san abin da za ta saya, da wanda za ta ara ko ta yi haya, da zanen da za a sake ɗaura wa wata a bayan taron biki ba wanda ya lura. Idan akwai wurin da za a watsa wa mutum ruwa ko a yaga masa riga a faɗa, sai ta ɗinka iri ɗaya guda biyu, domin ba safai ɗauka ɗaya take isa ba. Kayan talaka kuma sai an wanke su an sake wankewa har su koɗe. Ga shi kuma dole ta kiyaye ƙa'idar sutura, domin tun 2001 Jihar Kano take da hukumar tace fina-finai.

To, me ke faruwa in an ƙi ware wannan kuɗi? Sai a ce wa kowace 'yar wasa ta zo da kayanta daga gida. Ita kuwa wa zai ga laifinta in ta ɗauko mafi kyau a akwatinta? Shi ya sa za ki ga an nuno mace wai mijinta ya kasa kawo cefane, tana kuka, amma tana sanye da leshi, fuska ta sha kwalliya. Wannan ya ɓata labarin. Abin da ya fi damuna kuma shi ne yadda yake ɓata gidaje. Mace ta ga wadda aka ce talaka ce tana canja kaya sau huɗu a yini, sai ta dubi nata akwatin ta raina, daga nan sai ƙorafi, maigida ya rasa inda zai sa kansa. An ci bashi, an taɓa kuɗin adashi, duk don a kamo abin da ko a wasan ma ƙarya ne.

Ku tuna marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Da ya fito da kakinsa na soja, tun bai buɗe baki ba kowa ya san Samanja ya iso. Kayan da suka dace da mutum ke nan, ba sai an tara da yawa ba.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, wannan sana'a ce, kuma ta dace da ku ƙwarai. Abin da take bukata shi ne karatu, da lissafi, da sanin ɗinki gwargwado, da riƙon amana, domin kayan mutane ne za su riƙa shiga hannunki. In makarantarku za ta yi wasan kwaikwayo a ƙarshen shekara, kada kowa ta ruga neman fitowa a amarya. Ɗaya daga cikinku ta je wurin malama ta ce ita za ta riƙe kaya. Ki sami littafi mai layi, ki ba kowace 'yar wasa shafi guda. Ki rubuta abin da za ta sa a kowace fitowa, da wurin wanda aka aro shi, da nawa aka kashe, da ranar da za a mayar. Cikin kuɗin da aka ba ki kuma ki ɓoye kashi ɗaya cikin goma, saboda ranar da zip zai tsinke ana saura minti biyar a fara.