1922 Tasu, 1958 Tamu

Na tambayi ɗalibaina a Kafanchan abin da ya faru a duniyar waƙa cikin 1922. Baki ɗaya suka ce T. S. Eliot ya fitar da "The Waste Land" a Ingila. Madalla! Da na ce, to 1958 fa, sai shiru kamar ruwa ya ci su. Alhali a shekarar ce Sa'adu Zungur, mai "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", ya rasu, Mu'azu Haɗeja ma ya kwanta dama. Ginshiƙai biyu na rubutacciyar waƙar Hausa suka faɗi, saura shekara biyu Nijeriya ta sami 'yanci. Laifin namu ne, mu malamai da manhajar da muka tsara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.