Sharhi: Lisansi ko masta? Lissafin da ke gaban uwayen masu karatun zane

Duk shekara in sakamakon bak ya fito, magana guda ke dawowa cikin rumfuna, daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram: yaro ya ce shi zane zai karanta. Wani kuma ya gama lisansi, ya dawo yana neman a ƙara mishi shekara 2 ya yi masta. Kuɗin kuwa daga cinikin atamfa, albasa da ƙuli-ƙuli za su fito. Shi ya sa muka ga ya dace mu sa baki.

A tsarin jami'o'inmu, lisansi shekara 3 ne bayan bak, masta kuma shekara 2 ne a bisansa. A lisansi ne hannu ke faɗawa: zane, haɗa launi, sassaƙa, ɗaukar hoto, da tarihin sana'ar. A masta ba a sake koya wa yaro riƙon alƙalami. Fanni guda zai zaɓa, ya yi bincike, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban malamai. Ita ce ƙofar digirin dokta da koyarwa a jami'a.

Ra'ayinmu shi ne, wanda ke son ya ci abinci da hannunsa, lisansi ya ishe shi farawa. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin mai saye kaya yake dubawa, ba ya tambayar takarda. A je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, ko wurin masu sana'ar hannu na Wadata, a gani. Dukawan Damagaram da masu ginin tukwane na Mirya da aikinsu aka san su. Haka ma a bikin FIMA da Alfadi ya soma a 1998 kusa da Agadas, ɗinki ne ke fidda mutum.

Wannan ba raina masta ba ne. Ƙasa na bukatar malaman zane, da masu kula da kayan tarihi, da waɗanda za su rubuta ma'anar adon bangon gidajen Birni kafin damina ta cinye shi. Yaron da hankalinsa ke can, a taimaka mishi. Amma a yi lissafi tukuna: shekara 2 na ci da haya da kayan aiki, ba tare da ya shigo da ko dala ba. In kuma Zariya zai tafi, inda jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da suna a wannan fanni, sai an haɗa da koyon Ingilishi.

Shawararmu ita ce, in ya gama lisansi, ya yi shekara guda yana aiki: ya zana allon shaguna, ya fidda zanen atamfa, ya kai kaya baje koli irin SAFEM. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan nan uwaye su tambaye shi: mi za ka koyo a masta da ba ka iya ba? Wane malami zai riƙe ka? Wa zai biya? In amsa ta fito sarai, a sa albarka. In ya kama inda-inda, kuɗin nan gara su zama jarin shagonsa.

Muna kuma kira ga magabatan jami'o'i da su koya wa ɗaliban zane yanke farashi da riƙon littafin ciniki tun a lisansi, don guminku ya dawo gida.